YAYE MARUƘA DA 'YAN TUMAKI DA WURI: YAUSHE YAKE DA AMFANI?

'Yan'uwa manoma, dukanmu mun san halin da dabbobi suke shiga a ƙasar Zuru daga watan Fabrairu har zuwa saukar damina. Ciyawa ta bushe, wuta ta cinye abin da ya rage a daji, karan dawa kuma ya ƙare a gona. A lokacin nan ne za ka ga saniya haƙarƙarinta a waje, ana iya ƙirga su ɗai ɗai, ga kuwa maraƙi ɗan wata takwas yana biye da ita yana dukan hantsa. Tunkiya mai tagwaye ita ma haka. Waɗansu sukan kwanta su kasa tashi, har a kira mahauci ya saye su a kan kuɗin da bai kai rabin darajarsu ba.

A shekarun nan abin ya ƙara tsanani. Saboda satar shanu da rashin tsaro a yankunan Danko-Wasagu da Sakaba da Fakai, mutane da yawa ba su iya kai dabbobi kiwo nesa kamar dā. Dabbobi suna kusa da gida, abincin kusa da gida kuwa bai ishe su ba. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi bayani a kan wata dabara, watau yaye da wuri. Dabara ce mai ceton uwa in an bi ta daidai. In an yi ta da ka, sai a rasa ɗan.

Mene ne yaye da wuri?

Bisa ga al'adarmu, ba a cika yaye maraƙi ba. Akan bar shi ya yi ta sha har nonon uwar ya ƙafe don kansa, wani lokaci har ya kusa shekara ko ya wuce. Ɗan tunkiya kuma yakan bi uwarsa wata huɗu ko biyar. A manyan gonakin shanun nama na ƙasashen waje, ana yaye maraƙi yana da wata 6 zuwa 8. In an raba shi da uwa kafin wannan, shi ne yaye da wuri. Masu shanun madara a Turai da Amurka sukan yaye maraƙi yana da mako 6 zuwa 8 kawai, amma su suna da abinci na musamman da likita kusa. Kada mu kwaikwaye su a wannan.

Ga irin shanunmu, watau Bokoloji da Bunaji da Rahaji, abin da muke nufi shi ne a yaye maraƙi yana da wata 3 zuwa 5. Ga tumaki, ko 'Yankasa ne ko Uda ko Balami, a yaye ɗa yana da mako 8 zuwa 10. Abin da za mu faɗa a kan tumaki ya shafi awaki ma.

Abin da uwa take samu

Nono ba daga iska yake fitowa ba. In abincin da saniya take ci bai isa ya riƙe jikinta ya kuma yi nono ba, sai ta narkar da kitsenta da namanta ta mai da su nono. Wannan shi ne dalilin ramar da muke gani da rani. Ran da aka daina tsotsonta, bukatarta ta abinci ta ragu ƙwarai, har busasshiyar ciyawa da ɗan gishiri suna iya riƙe ta zuwa damina. Daɗin daɗawa, in kana da harawa kaɗan da dusa kaɗan, ka fi samun riba in ka ba ɗan ya ci da bakinsa, maimakon ka ba uwar ta mai da shi nono tukuna. A hanyar mai da abinci nono ana asarar wani kashi.

Riba ta biyu ita ce haihuwa. Muddin maraƙi yana tsotso dare da rana, uwar kuma tana rame, jikinta yakan jinkirta neman bijimi. Saniya tana ɗaukar ciki wajen kwana 283, watau wata tara da 'yan kwanaki. In ana so ta haihu kowace shekara, tilas ta sami ciki cikin wata uku bayan haihuwa. A garkunanmu wannan ba safai yake faruwa ba. A shekarun 1980 ma'aikatan cibiyar binciken dabbobi ta Afirka, wadda ake kira ILCA a lokacin, sun bi garkunan Bunaji na Fulani a wajen Kachia, kudancin Kaduna. Sun tarar saniya takan yi wajen shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa, karsana kuma takan kai wajen shekara biyar kafin haihuwar fari.

Bari mu yi lissafi. Saniyar da take haihuwa kowane wata 24, cikin shekara takwas za ta ba ka maruƙa 4. In ta koma haihuwa kowane wata 16, cikin shekara takwas ɗin nan za ta ba ka 6. Maruƙa biyun da suka ƙaru, in an yi sa'a maza ne, ai shanun huɗa ke nan.

Tunkiya tana ɗaukar ciki wata biyar. Tumakinmu kuwa suna karɓar rago kowane lokaci na shekara. In ta shayar wata biyu, ta huta wata ɗaya, ta ɗauki ciki wata biyar, an sami wata takwas. Watau tana iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu, in abinci ya wadata. Har wa yau, nonon tunkiya yakan kai iyakar yawansa a mako na uku ko na huɗu bayan haihuwa, daga nan ya riƙa raguwa. Zuwa mako na goma, abin da ɗan yake samu a hantsa bai taka kara ya karya ba.

Yadda cikin ɗan dabba yake aiki

A nan ne asirin maganar duka yake, don haka mu lura da kyau. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗa ya ga cikin saniya ko na rago kashi huɗu ne. Babba a cikinsu shi ne tumbi. A cikin tumbi akwai ƙananan halittu masu yawan gaske waɗanda ido ba ya gani. Su ne suke ruɓar da ciyawa da kara, su mai da su abin da jiki zai amfana da shi. Shi ya sa saniya take rayuwa da ciyawa, mutum kuwa ba ya iyawa.

Amma sa'ad da aka haifi maraƙi, tumbinsa ƙarami ne, ba ya aiki. Kashi na huɗu, watau na ƙarshe, shi ne ya fi girma, shi ne kuma yake narkar da nono. In maraƙi yana tsotso, akwai wata hanya da takan rufe kamar kwararo, ta wuce da nonon kai tsaye zuwa kashi na huɗu, ba ya faɗawa tumbi. Saboda haka komai yawan nonon da maraƙi ya sha, nono ba ya gina tumbi.

Abin da yake gina tumbi shi ne busasshen abinci da ruwa. In ka shafa cikin tumbin babban rago za ka ji shi kamar tawul, da 'yan tsiro-tsiro. Ta wurinsu ne abinci yake shiga jini. A jariri ba su fito ba tukuna. Hatsi da dusa, in suka ruɓe a tumbi, su ne suke sa su tsiro, harawa kuma takan buɗe tumbin ta ƙarfafa namansa. Wannan aiki yana ɗaukar aƙalla mako uku zuwa huɗu daga ranar da ɗan ya fara cin hatsi kullum.

To, kun ga inda haɗarin yake. In aka raba ɗa da nono tumbinsa bai ginu ba, aka zuba masa busasshiyar ciyawa, zai ci ya cika ciki amma yunwa tana cinsa. Sai ka ga ƙaton ciki, gashi a tsaye, ƙafafu sirara, daga nan zawo. Wanda ya tsira ma yakan tsumbure, ba ya kamo tsaransa. Garin neman ƙiba an samo rama.

Shiri yana farawa tun ran haihuwa

Ɗan da bai sha daƙashi sosai ba, ba ya jure yaye da wuri. Daƙashi shi ne nonon farko, mai kauri, mai ruwan ɗorawa. A cikinsa ne uwa take ba ɗanta kariya daga cututtuka. Hanjin jariri yana karɓar wannan kariya sosai cikin awa shida na farko, bayan kwana ɗaya kuwa ƙofar ta rufe. Don haka mu tabbata ɗan ya kama nono da zarar ya miƙe. A ran farko ya kamata ya sha wajen kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, watau maraƙi mai kilo 20 ya sha wajen lita 2. Kada a tatse daƙashi a zubar, kada kuma a tatsi saniya don gida a kwanakin farko.

Daga mako na biyu, a yi wani ɗan shinge a gefen turke ko garke, da ƙofa ƙarama wadda 'ya'ya za su iya shiga amma iyaye ba za su iya ba. A ciki a sa kwano da ɗan abinci, da harawa mai ganye a rataye, da ruwa mai tsabta. Da fari wasa za su yi da shi. Ba komai. A riƙa sa kaɗan, a kwashe ragowar kowace safiya a ba manya, a zuba sabo.

Abincin yaye

Ga haɗin da kowane gida zai iya yi. Cikin kowane kilo 10, a sa kilo 6 na masara ko dawa da aka ɓarza, kilo 2 na dusa, kilo 2 na tunkuza ko ƙuliƙuli da aka daka. A ƙara gishiri wajen giram 100, da garin ƙashi ko garin farar ƙasa ta abincin dabbobi wajen giram 150. Ɓarzawa ake so, kada a niƙa ya yi laushi kamar garin tuwo. Ƙuliƙulin ya zama marar yaji. Wanda ya noma waken soya yana iya sa shi a madadin tunkuza, amma sai an soya shi tukuna, gama ɗanyensa ba ya narkewa da kyau a cikin ƙaramar dabba.

Garin farar ƙasar nan kada a raina shi. 'Yan raguna da suke cin dusa da hatsi da yawa ba tare da shi ba, tsakuwa takan toshe musu hanyar fitsari. Gishiri kuma yana sa su sha ruwa da yawa, wannan ma kariya ce.

Tare da haɗin nan a ba da harawar gyaɗa ko ta wake mafi kyau da ke gidan, wadda ta bushe a inuwa ganyenta bai zube ba. Kowar wake da 'ya'yan gawo ma suna da amfani. Karan dawa da busasshiyar gamba a bar wa manya.

Akwai abubuwan da za a kiyaye:

1. Kada a ba ƙananan maruƙa da 'yan tumaki angurya ko tunkuzarta. Tana da wani dafi wanda tumbin babbar dabba yake kashewa, amma yana taɓa zuciyar ƙarama.
2. Kada a sa musu takin yuriya a abinci, ko da kun ji ana yi wa manyan shanu.
3. Duk abincin da ya yi fumfuna a zubar, musamman gyaɗa da masara, gama yana lalata hanta.
4. Kada a ƙara hatsi farat ɗaya. A riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan cikin kwanaki, in ba haka ba ciki ya kumbura.
5. A tsare su daga gyauron dawa, watau sabon tohon da yake fitowa bayan girbi ko a farkon ruwa. Yana iya kashe dabba cikin ɗan lokaci.

Alamun da za mu duba kafin mu raba

Ƙirgar watanni kaɗai ba ta isa ba. Ɗa biyu da aka haifa rana ɗaya, wani ya isa yaye wani bai isa ba. Maraƙi ya isa in ya cika wata uku, nauyinsa ya ninka na ran haihuwa sau biyu ko fiye, yana cinye wajen kilo 1 na haɗin nan kullum har kwana uku a jere, ana kuma ganinsa a kwance yana tuƙa. Tuƙa ita ce shaidar cewa tumbi ya fara aiki.

Ɗan tunkiya ya isa in ya cika mako takwas, nauyinsa ya ninka na haihuwa sau uku, yana cin wajen giram 250 kullum, yana tuƙa. Ga 'Yankasa, kada a yaye wanda bai kai wajen kilo 9 ko 10 ba. 'Ya'yan Uda da Balami sun fi girma, sai a jira su wuce haka. Tagwaye sukan yi baya, a ƙara musu mako biyu. Wanda yake zawo ko tari, a bar shi da uwarsa har ya warke.

Yadda ake rabawa

Sannu ba ta hana zuwa. A mako na farko a bar ɗan ya sha safe da yamma kawai. A mako na biyu ya sha sau ɗaya a rana. Sa'an nan a daina. Ga wanda ya saba ɗaure maruƙa a dangwali, wannan ba sabon abu ba ne.

A bar 'ya'yan a wurin da suka saba, inda suka san kwanon abinci da na ruwa. Iyayen ne za a matsar. In da hali, a sa shinge mai ƙarfi tsakaninsu yadda za su ga juna amma ba dama a yi tsotso. A Jami'ar Kalifoniya ta Amurka an gwada wannan, aka buga sakamakon a 2003. Maruƙan da aka yaye suna ganin iyayensu ta shinge sun fi ƙarancin kuka da kai da kawowa, sun kuma fi ƙaruwar nauyi a makonnin farko, bisa ga waɗanda aka raba gaba ɗaya. Kukan yakan yi kwana uku ko huɗu ya lafa. Kada tausayi ya sa a mayar da ɗan, gama sai a koma farko.

Kada a haɗa yaye da wata wahala. Dandaƙa, da allurar rigakafi, da tafiya kasuwa, a yi su mako biyu ko uku kafin yaye ko bayansa. A tambayi malamin dabbobi a kan maganin tsutsar ciki, musamman da damina, da kuma allurar annobar tumaki da awaki da ake kira PPR, wadda ake yi a cibiyar Vom kusa da Jos. A riƙa share wurin kwanansu, a ɗaga kwanon abinci daga ƙasa don kada kashi ya shiga, gama ta nan ne zawo mai jini yake kama 'yan tumaki.

Ita uwar, a janye mata dusa da tunkuza 'yan kwanaki kafin rabuwa don nono ya ragu, amma kada a hana ta ruwa a zafin ƙasarmu. A riƙa taɓa hantsar har mako ɗaya. In ta cika tam, a ɗan tatsa kaɗan don ta sami sauƙi. In ta yi zafi da tauri, ko nonon ya fito da gudaji, a kira malamin dabbobi. In 'yan raguna suka kai wata huɗu, a raba su da matan, don kada su yi wa ƙanana barbara tun ba su isa ba.

Inda yaye da wuri bai dace ba

Shanunmu masu tozo ba su cika sakin nono ba sai maraƙi yana kusa. In an yaye maraƙi, ba da daɗewa ba nonon ya ƙafe. A gidan da yara suke sha, ko uwargida take sayar da nono da man shanu don cefane, wannan babbar magana ce. Maigida kada ya yanke ta shi kaɗai. Ku zauna tare ku zaɓi saniyar da za a ci gaba da tatsa, a ba ta abinci mai kyau, a yaye na sauran.

Ga saniyar tatsa akwai hanyar tsakiya. A rage tsotso zuwa sau ɗaya ko biyu a rana, a bar wa maraƙi rabonsa, a kuma ba shi haɗin abinci. Akwai kuma dabarar raba maraƙi da uwa na awa 48 kawai, bayan ya wuce wata biyu, a ba shi abinci da ruwa, sa'an nan a mayar da shi. Wannan yakan sa waɗansu shanu su nemi bijimi, in ba su rame ƙwarai ba.

Da tsakiyar damina, in ciyawa ta wadata, uwa kuma tana da jiki, ba dalilin gaggauta yaye maraƙi. Waɗanda suka fi bukatar dabarar nan su ne karsana mai haihuwar fari, da tsohuwar saniya, da tunkiya mai tagwaye, da duk wadda rani ya same ta tana shayarwa. Wanda kuwa ba shi da harawa da hatsi a ajiye, kada ya fara ko kaɗan.

Aikin ƙungiya

Shawarar yaye ta watan Fabrairu, a kaka ake yanke ta. Sa'ad da ake cire gyaɗa da roron wake, a lokacin ne za a ɗaure harawa a ɗora a kan rumfa, a kuma sayi dusa da masara tun suna da araha. Ga lissafin da za a yi a taro. Ɗan tunkiya yana bukatar aƙalla giram 250 kullum, cikin kwana 60 kilo 15 ke nan. 'Yan tumaki 20 za su ci kilo 300, watau buhu uku masu kilo ɗari ɗari. Maraƙi mai cin kilo ɗaya da rabi kullum, cikin kwana 90 zai ci kilo 135, ban da harawa. Kowane ɗan ƙungiya ya gwada kuɗin wannan da kuɗin saniya ko tunkiya a kasuwar Zuru ko Ribah ko Bena, ya ga wanda ya fi.

Muna ba kowace ƙungiyar gama kai shawara ta sayi sikeli guda na ratayewa, wanda za a sa ɗan tunkiya cikin buhu a auna. Magatakarda ya buɗe littafi, ya rubuta ranar haihuwar kowane ɗa, da nauyinsa, da ranar yaye, da ranar da uwar ta sake haihuwa. A haɗa kuɗi a sayi gishiri da garin ƙashi a sari, a kuma kira malamin dabbobi rana ɗaya don dukan ƙauye. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya tana nan Zuru, cibiyar binciken kiwo ta Shika kuma tana kusa da Zariya. Ƙungiya ta fi mutum ɗaya samun kunne a irin wuraren nan.

A shekarar fari kada kowa ya yaye dukan garkensa. A fara da tumaki, gama su ne mafi sauƙi da araha. Gida biyu ko uku su gwada da 'ya'ya kaɗan, sauran su zo su gani. In damina ta sauka, a buɗe littafin a taro, a karanta wa kowa abin da sikeli ya nuna.